Yadda Za Ka Zaɓi Wuƙar Aljihu Mai Ninkewa, Ka Gyara Ta Don Jakar Ko-ta-kwana

Tun daga daren da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya kwana cikin gidajen mutanen Maiduguri, sai kuma ambaliyar Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025, jama'a da dama sun fara haɗa jakar ko-ta-kwana: tocila, magunguna, takardu cikin leda, igiya, laita, ɗan abin kai wa baka. Tambayar da ta fi yawan zuwa mini ita ce ta wuƙa. Wace iri zan saya? Nawa zan kashe? Ta kasuwa za ta yi? Ga amsar, mataki-mataki, yadda ni kaina nake yi.

Mataki na 1: San aikin da za ta yi maka

Kafin ka taka kasuwa, zauna ka lissafa abin da za ka yanka. A ranar tashin hankali aikin wuƙa bai wuce waɗannan ba: yanke igiya ko bel ɗin mota da ya ƙi buɗewa, tsaga tampol ko buhu don yin rumfa, yanke bakin jarka, fere sanda, yaga ƙyalle don ɗaure rauni, yanka albasa da rogo. Duk aikin ƙaramar wuƙa ne mai kaifi. Sara da faskare na adda da gatari ne. Ɓamɓare ƙofa na ƙarfen ɓanɓara ne.

Gargaɗi: wuƙa mai ninkewa ba makamin kare kai ba ce. Wanda ya saya da wannan niyya yakan ɗauko babba mai ban tsoro, wadda ba ta yanka komai da kyau, kuma ita ce za ta jefa shi cikin matsala a shingen bincike.

Mataki na 2: Girma da sifar ruwan wuƙar

Nemi wadda tsawon ruwanta yake tsakanin santimita 7 zuwa 9, wato kamar faɗin tafin hannun babban mutum. Kaurin bayanta kada ya wuce milimita 3. Masu sayarwa suna son nuna maka mai kauri su ce ita ce mai ƙarfi, amma siririya ta fi shiga cikin igiya da roba, kuma ta fi sauƙin wasawa.

Bakinta ya zama miƙaƙƙe mai santsi. Mai haƙora irin na zarto tana cin igiya da sauri, gaskiya ne, sai dai ranar da ta dakushe dutsen wasa na gida ba zai taɓa ta ba. Tsininta ya kasance mai ɗan sunkuyowa ƙasa, ba dogo siriri kamar allura ba, don siririn tsini shi ke fara karyewa. Ka guji mai baki biyu, da mai fitowa da kanta in an danna maɓalli, da mai ramuka da zanen kan dodo.

Riƙe ta a hannu. In yatsunka huɗu ba su samu wurin zama a ƙotar ba, ta yi maka ƙanƙanta. In za ka saya wa maiɗakinka ko mahaifiya, to hannunta ne ma'auni, ba naka ba, kuma ta gwada buɗewa da rufewa da kanta.

Mataki na 3: Makulli, inda ya kamata ka fi daɗewa

A nan yatsu ke tafiya. Shekarun baya na sayi wata mai ƙyalli a wajen wani mai tebur a bakin tasha. Ina huda gindin jarka da ita sai makullin ya saki, ruwan wuƙar ya dawo kan ɗan alina. Ɗinki aka yi mini, tabon yana nan. Tun daga ranar makulli nake fara dubawa kafin kaifi.

Iri huɗu za ka fi cin karo da su.

Akwai marar makulli, wadda sifirin kawai ke riƙe ta a buɗe. Yawancin ƙananan wuƙaƙen Victorinox na ƙasar Suwizalan haka suke. Tana da kyau wajen yanka, amma ba a huda abu da ita, domin da zarar ka tura tsinin sai ta ninke.

Akwai mai makullin baya, irin Buck 110 ta Amurka. In ka buɗe za ka ji ƙas, kuma ba ta rufuwa sai ka danna wani wuri a gadon bayan ƙotar. Makulli ne mai aminci, kuma na hagu da na dama duk suna iya amfani da shi. Aibinsa ɗaya: in ƙasa ko zaren aljihu ya cika ramin da haƙorin ke faɗawa, ba zai kama sosai ba.

Akwai mai harshe a ciki, irin Ontario RAT 1 da Spyderco Tenacious. Wani siririn ƙarfe ne a cikin ƙotar ke tsallakowa ya tokare gindin ruwan wuƙar. Hannu ɗaya ya isa buɗewa da rufewa, wanda babban amfani ne in ɗaya hannun yana riƙe da yaro ko igiya. Amma a wuƙaƙen arha wannan makullin ne ya fi cin amana, kuma wajen rufewa babban yatsanka yana kan hanyar kaifin.

Sai mai zobe. Opinel ta Faransa tana da zoben ƙarfe a wuyanta da ake murɗawa ya tare ruwan. Tun 1955 kamfanin ya ƙara shi, kuma sababbin suna kulle wuƙar ko tana rufe. Okapi kuma, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, zobenta ja ake yi ya ɗaga sifirin bayan.

Ga mai farawa, zaɓina Opinel lamba 8 ce, mai ruwa santimita 8.5, ko kuwa mai makullin baya daga kamfanin da aka sani. Babu abin da zai lalace a jikin Opinel da ba za ka gani da idonka ba.

Ga gwajin da za ka yi a gaban mai kaya kafin ka biya. Buɗe ta gaba ɗaya. Riƙe ƙotar ta gefe da gefe, yatsunka nesa da ramin da ruwan ke kwanciya. Kama bayan ruwan ka girgiza shi sama da ƙasa, sannan hagu da dama. Ɗan motsin hagu da dama ana gyara shi da ɗaure noti. Motsin sama da ƙasa kuwa alamar makulli ba ya kamawa ne, ajiye ta. Daga nan danna bayan ruwan da ƙarfi a jikin katako kamar kana son rufe ta. In mai harshe ce, leƙa ciki: harshen ya shiga ƙarƙashin gindin ruwan da dukkan kaurinsa, ba ya tsaya a baki-baki ba, ba kuma ya ƙetare har ya jingina da ɗaya ɓangaren ba. A ƙarshe rufe ta ka shafa yatsa a hankali kan ƙotar. In tsinin yana leƙowa waje, zai yaga jaka ya yanke ka.

Gargaɗi: in mai kaya ya hana ka gwadawa, bar masa kayansa.

Mataki na 4: Irin ƙarfen

Kashi biyu ne. Baƙin ƙarfe yana saurin kaifi a kowane dutse amma yana tsatsa. Ƙarfe marar tsatsa yana jure ruwa da gumi saboda sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, galibi wajen kashi 13 cikin ɗari a wuƙaƙe. A jikin Opinel, in ka ga Carbone baƙin ƙarfe ne, in ka ga Inox marar tsatsa ne. Okapi ta asali baƙin ƙarfe ce.

Tunda wuƙar za ta yi watanni cikin jaka ba a taɓa ta ba, kuma ranar buƙatarta wataƙila cikin ruwa ne, marar tsatsa ta fi dacewa. Duba gindin ruwan, kamfanonin kirki suna rubuta sunan ƙarfen. In ka ga 12C27, 14C28N, AUS-8, 420HC ko 8Cr13MoV, duk za su yi maka aiki kuma suna wasuwa ba da wahala ba. D2 yana daɗewa da kaifi, amma wasa shi sai mai haƙuri da dutse mai kyau, kuma yana iya tsatsa. Ba na ba mai koyo shawararsa. Wadda ba a rubuta komai ba sai sunan ƙasa da tambarin damisa, sa'a ce: wata ta yi, wata kamar gwangwani.

Mataki na 5: Kuɗi da wurin saye

Farashin naira yana bin dala, don haka abin da na faɗa yau gobe ya canza. Ma'aunin da ya fi tsayawa shi ne na can inda ake sayar da su: Opinel lamba 8 ba ta kai yuro 20 a Turai, RAT 1 ba ta kai dala 50 a Amurka, Okapi kuwa ta fi su arha duka. Ƙara kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa a kai. Mai farawa ba shi da dalilin wuce wannan. In an ce maka ga Victorinox ko Spyderco sabuwa a kuɗin kwanon shinkafa, jabu ce, kuma jabun sun cika shagunan intanet.

Raba kuɗinka uku. Kashi biyu na wuƙa, kashi ɗaya na kayan kula da ita: dutsen wasa mai fuska biyu, sanfefa lamba 220 da 600, ƙaramin magagari, man keken ɗinki, maka baƙa (alƙalamin tawada mai kauri), igiya siririya mai ƙwari. In wuƙarka mai noti ce, yawancinsu masu kan tauraro ne da ake kira Torx, lamba T6 da T8, wani lokaci T10 a babban notin tsakiya. Masu sayar da kayan gyaran waya suna da irin wannan sukundireba.

Gargaɗi: kada ka tura sukundireba mai faɗi cikin notin tauraro. Zai cinye kan, shi ke nan ba kwancewa ba ɗaurewa.

Mataki na 6: Wanki da saiti

Da ka kawo ta gida, wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, musamman gaɓar da take juyawa. Girgije ruwan, goge, shanya ta a buɗe har ta bushe ƙarau. Mai ƙotar katako kada ka jiƙa ta, shafa da ɗanyen tsumma ya isa.

Ɗiga mai ɗigo ɗaya tak a gaɓar, buɗe ka rufe sau goma, goge ragowar. Da hunturu mai da yawa ƙura yake tarawa har wuƙar ta riƙa ƙara kamar an zuba yashi. Man gyaɗa da manja kada su je gaɓar, suna daskarewa su yi danƙo. Ga ruwan wuƙar da za ta taɓa abinci, shafa ɗan basilin ko farin man farafin na kemis, wanda ake sha don bushewar ciki. Ba kananzir nake nufi ba.

In tana motsi hagu da dama, ɗaure notin tsakiya kaɗan-kaɗan, kamar kwatan juyi, kana gwadawa, har motsin ya tafi amma tana buɗuwa ba da kokawa ba. In notin yana yawan kwancewa, ɗiga masa gam ɗin noti mai shuɗin launi, irin Loctite 243. Mai jan launi ba ya kwantuwa sai da wuta. Sufa-gulu kuwa zai gangara gaɓar ya manne wuƙar gaba ɗaya.

Mataki na 7: Wasawa

Wannan ne gyara mafi girma da za ka yi mata. Okapi musamman takan zo kusan babu kaifi.

Jiƙa dutsen da ruwa, ɗora shi kan ɗanyen tsumma don kada ya zame, fuskar mai kaushi a sama. Shafa baƙar makar nan a bakin wuƙar ɓangare biyu. Kwantar da ruwan kan dutsen, sannan ɗaga bayansa. Digiri 20 ake so a kowane gefe, kuma ba ka buƙatar ma'auni: tazarar bayan wuƙar daga dutse ta zama kamar kashi ɗaya bisa uku na faɗin ruwan. Mai faɗin santimita 2, ka ɗaga kamar milimita 7.

Tura ta gaba kamar kana son yanko siririn ɓawo daga dutsen, tun daga gindi har tsini, kana ɗan ɗaga ƙotar in ka zo inda bakin ya lanƙwasa. Bayan tafiya biyar tsaya ka duba makar. In ta goge a can sama ta bar bakin, ka kwantar da yawa. In a bakin-baki kawai ta goge, ka miƙar da yawa. In ta goge daidai faɗin bakin, riƙe hannunka a haka.

Ci gaba da gefe ɗaya har sai ka ji wani ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya tashi a ɗaya gefen. Da babban yatsa za ka ji shi, kana shafowa daga bayan wuƙar zuwa baki ka zarce, ba bin tsawon kaifin ba. Sai ya tashi tun daga gindi har tsini sannan ka juya. Yawancin masu cewa sun yi ta wasawa wuƙa ta ƙi kaifi a nan suke kuskure: suna juyawa tun bakin bai haɗu ba. In ɗaya gefen ma ya tashi, juya dutsen zuwa fuskar laushi, ka riƙa yi ɗaya nan ɗaya can, kana rage nauyin hannu. Ƙarasa a bayan tsohon bel na fata, amma a nan baya-baya ake ja, kaifin na bin sahu, sau goma kowane gefe.

Gwada ta da takarda, sannan da igiyar da ke cikin jakarka. In ta yanke igiya a ja ɗaya, ta yi. A wurin gudun hijira in babu dutse, zoben gindin kofin tangaran, inda ba shi da santsi, yana dawo da kaifi.

Gargaɗi: kada ka kai ta giranda. Masu injin wasa wuƙa da ke zagaye unguwa gab da Babbar Sallah sun dace da manyan wuƙaƙen fawa, amma siririn ruwan wuƙar aljihu minti ɗaya ya isa a cinye shi. Zafin kuma yana kashe taurin ƙarfen. In ka ga bakin ya yi shuɗi ko ruwan ƙasa, wurin ya yi laushi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi duka.

Mataki na 8: Gyare-gyaren da suka cancanci wahala

Kafin kowane aiki, naɗe bakin wuƙar da salatif ninki biyu.

Igiyar wuyan hannu ita ce ta farko. Wuƙar da ta faɗa ruwan ambaliya ta tafi. Zura igiya mai launi mai haske, ja ko ruwan lemo, a ramin ƙotar, ka ƙulla madauki da hannunka zai shiga. Opinel ta gargajiya ba ta da rami, sai ka huda na milimita 4 a ƙarshen ƙotar. Rufe wuƙar tukuna ka ga inda tsinin yake kwanciya, ka sa alama nesa da shi ta wajen baya, sannan ka buɗe ka huda. In ramin ya ratsa tsagar, kullum wuƙar za ta riƙa yanke igiyarta. Kada ka rataya ta a wuya da igiyar da ba ta tsinkewa. In ta maƙale a reshe ko waya cikin ruwa, shaƙe ka za ta yi.

Na biyu, ƙotar katako. Itacen Opinel yana kumbura da damina har ruwan wuƙar ya ƙi fitowa. Naɗe sanfefa 220 a jikin tsohon kati, ka goge cikin tsagar kusa da wuya kaɗan, kana gwadawa. Sannan bar ta a rana ta bushe, narka kakin zuma ka shafe ƙotar har cikin tsagar, mayar da ita rana ya shiga jiki, goge ragowar. In duk da haka ta maƙale wata rana, buga ƙarshen ƙotar a kan katako, tsinin zai leƙo.

Na uku, santsi. In ƙotar na zamewa a jiƙaƙƙen hannu, yi mata 'yan tsage marasa zurfi da magagari inda yatsu ke zama. Kada ka naɗe ta da robar tayar keke kamar ƙotar adda, za ta toshe hanyar ruwan wuƙar.

Na huɗu, ga mai baƙin ƙarfe kawai. Wanke maiƙon ruwan wuƙar tas, naɗe shi da tsumma jiƙe da ruwan lemon tsami ko ruwan khal na kamar minti 20 zuwa 30. Zai yi toka-toka. Wanke, busar, shafa mai, sake bi da fata. Wannan launin yana rage jan tsatsa, amma bai ɗauke maka shafa mai ba.

Wasu suna goge bayan wuƙar da magagari ya yi kusurwa don kankare sandar ƙyastu. Yana aiki, sai dai danna bayan wuƙa mai ninkewa da ƙarfi tura ta ne zuwa rufewa. Laita biyu da ashana cikin leda sun fi mini.

In a mota wuƙar za ta zauna, akwai gyaran da nake so: dakushe tsinin kaɗan a kan dutse ya yi zagaye, don kada ka soki wanda kake ƙoƙarin ceto.

Gargaɗi mafi girma: kada ka taɓa makulli. Kada ka goge harshen, kada ka lanƙwasa shi, kada ka rage sifirin don ta yi saurin buɗewa. Wuƙar da makullinta ya lalace, mayar da ita ta fere lemo a gida ka sayi wata.

Mataki na 9: Koyi aiki da ita tun lafiya lau

Buɗe ka rufe sau da yawa da ido biyu, sannan cikin duhu, sannan da jiƙaƙƙen hannu. Kullum yanka yana tafiya nesa da jikinka, kuma ba a fere abu a kan cinya, manyan jijiyoyin jini suna nan. In za ka miƙa wa wani, rufe ta.

Nemo tsohon bel ɗin mota a wajen masu kayan gwangwan ka gwada. Ja bel ɗin ya miƙe, zura wuƙar ƙarƙashinsa bayanta na kallon jikin mutum, yanka a karkace zuwa waje. A haɗari na gaske fara gwada maɓallin bel ɗin, kuma kada ka janyo wanda ya ji rauni sai in wuta ko ruwa na barazana, domin mai karayar wuya motsi na iya nakasa shi. A Najeriya kira 122 na jami'an kiyaye haɗura ko 112. Yanke tufa daga jikin mai rauni kuwa almakashi ya fi wuƙa, saka ɗaya cikin jakar.

In ka yanke, danne wurin da tsaftataccen ƙyalle minti 10 ba tare da ɗagawa kana leƙe ba, hannun a sama. In ya yi zurfi, ko yatsan ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya mutu, tafi asibiti, ka kuma tambayi allurar tetanus. Kada ka zuba ƙasa, toka ko man birki.

Mataki na 10: Inda za ta zauna

Cikin jakar, a ƙaramin aljihu guda da ba ya canzawa, tare da tocila. Nuna wa manyan gidan wurin, jakar kuma a rataye inda hannun yara ba ya kai.

A garuruwan da ke fama da faɗan daba, matashin da aka kama da wuƙa a ƙugu yana da dogon bayani a gabansa, ko da niyyarsa fes take. Wuƙa cikin jaka tare da bandeji, igiya da tocila ita ke bayanin kanta. Kada ka je da ita taron siyasa, makaranta, kotu ko filin wasa. A jirgin sama cikin babbar jakar da ake aunawa take tafiya, ba ta hannu ba, alhazai su kula da wannan. Masu zuwa Turai kuma su sani: a Ingila wadda aka yarda ka ɗauka ba tare da dalili ba ita ce marar makulli da bakinta bai wuce inci 3 ba, a Jamus kuma an hana yawo da mai makulli da ake buɗewa da hannu ɗaya.

Duk farkon wata fito da ita. Buɗe, gwada makullin a jikin katako, duba tsatsa a gaɓar, yanki takarda, shafa mai. Kafin ruwan farko na damina yi mata cikakken wasawa, ka sake shafa wa ƙotar kaki, ka mayar da ita aljihunta.